Daga Damagaram zuwa Yamai: yadda aka zaɓi babban birnin Nijar, aka kuma gina shi

Ranar 28 ga watan Disamba na 1926 ne gwamnatin Faransa ta sa hannu kan dokar da ta ɗauke fadar mulkin Nijar daga Damagaram ta maida ita Yamai. Ke nan 28 ga Disamba 2026 ita ce cikar shekara 100 da wannan mataki. Mu dai duka mun tashi ne mun tarar da Yamai tana babban birni, har wasu na gani kamar haka abin yake tun asali. Ba haka yake ba. Lokacin da aka yanke shawarar, Damagaram birni ne mai ganuwa, mai sarki, mai fatake. Yamai kuwa ƙaramin gari ne a bakin kogi, mutanenta ba su wuce dubu 3 ba. To me ya sa aka bar babba aka kama ƙarami? Su wa suka gina garin? Kuma wane tasiri wannan zaɓi yake da shi a rayuwarmu ta yau, mu mutanen Maradi, Damagaram, Tawa da sauran jihohi? Abin da za mu bi daki-daki ke nan.

Garuruwan biyu kafin zuwan Nasara

Daular Damagaram ta kafu tun ƙarni na 18, amma ta fi yin tashe a zamanin Sarki Tanimu, wanda mulkinsa ya kai har 1884. Shi ne ya zagaye Birni da ganuwa, a zamaninsa ne kuma maƙeran garin suka riƙa ƙera igwa. Ayarin raƙuma daga Tarabulus, Ghat da Agadas na sauka a Zango kafin su wuce Kano, ana cinikin fatu, gashin jimina, gishiri, tufafi, har da bayi kamar yadda zamanin yake. Matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya sauka a garin a ƙarshen 1852, ya tarar da shi cike da fatake.

A can yamma kuwa, inda Yamai take yau, ƴan ƙauyuka ne jere a gaɓar kogin Isa: Maourey, Kalley, Gaweye, Zongo da Fulan Kwara, sai maƙwabtansu irin su Goudel, Gamkalle da Saga. Masunta ne, da manoma, da makiyaya. Garin da ya yi suna a wannan yanki na kogi a lokacin shi ne Say, garin malamai kuma mashigar fatake.

Kan asalin sunan Yamai, kowane gida da labarinsa. Mawri na cewa kakanninsu sun fara zama a tsibirin Neni, daga baya suka hayo gaɓar hagu kusa da wani icce, daga sunan iccen ne garin ya samu suna. Kalle, wani reshe na Zabarmawa, na cewa sunan ya fito ne daga umarnin da shugabansu ya bai wa mutanensa na su share wurin su zauna. Abin da labaran biyu suka haɗu a kai shi ne, wurin zaman talakawa ne, ba fadar wata daula ba.

Fadar da ta yi ta ƙaura

Shigar Faransawa Damagaram da jini aka yi ta. A 1898 aka kashe Kaftin Cazemajou a garin, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka dawo, aka gwabza a Tirmini, suka ci birnin, bayan ƴan makonni kuma aka kashe sarkin. Suka gina bariki suka sa mata sunan Cazemajou.

A 1900 suka kafa abin da suka kira Yankin Soja na Uku, tsakanin kogin Isa da tafkin Chadi. Ɗaya daga cikin sansanoninsu na farko a bakin kogi yana Sorbon Hausa, tsakanin Yamai da Tillaberi. Wani hafsa mai suna Kaftin Salaman shi ne ya kafa bariki a Yamai a farkon shekarun 1900, ya jawo mutane suka zauna kewaye da ita. Shi ya sa tsofaffi ke kiran Yamai da Hausa “garin Kaftin Salma”. A ƙarshen 1904 aka sake wa yankin suna ya koma Yankin Soja na Nijar, zuwa 1905 kuma Yamai ce mazaunin babban kwamandansa.

A nan akwai wani abu da ya shafi mutanen Maradi da Tawa kai tsaye. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, kewaye da Sakkwato, ta bar wa Ingila duk abin da ke ciki. A kan takarda, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa da Maradi duk suna ɓangaren Ingilishi. Saboda haka duk ayarin Faransawa da zai tashi daga kogi zuwa Damagaram sai ya zagaya ta Filinge da Tawa, ta daji mai ƙarancin rijiyoyi. Wahalar wannan hanya ce ta sa Faransa ta nemi gyara, aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, tawagar Kaftin Tilho kuma ta bi ta kafa alamomin iyaka. Kun ga ke nan, neman hanya mai ruwa tsakanin Yamai da Damagaram ne ya sanya waɗannan garuruwa cikin Nijar. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da muke bi yau, kusan wannan sawun take bi.

A 1911 sai aka ɗauke hedikwata daga Yamai aka kai ta Damagaram. Dalilin na soja ne. Hankalin Faransawa a lokacin yana gabas da arewa: Ayar, Kawar, Tibasti da kewayen tafkin Chadi, inda suke fuskantar ƴan Sanusiyya da kuma Turkawa da ke riƙe da Libiya. Kwamandan da ke zaune a bakin kogin Isa ya yi nisa da fagen daga. Damagaram kuwa ita ce ƙofar duk waɗannan wurare.

Shekara 15 na Damagaram

Daga 1911 zuwa 1926, daga Damagaram ake mulkin ƙasar nan. Sai dai zaman Nasara da garin zaman doya da manja ne. Tun a 1906 sun zargi Sarki Amadu Ɗan Bassa da shirya masu makirci, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa. Suka danƙa riƙon garin ga Ballama, wani bafade, aka daɗe babu cikakken sarki. Sai a 1923 aka maido da sarautar, aka naɗa Barma Mustafa. Ko a lokacin da suke zaune cikin garin, ba su saki jiki da fadawansa, malamansa da attajiransa ba.

Abu na biyu shi ne Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Kano kuwa ba ta wuce kilomita 240 daga Damagaram ba. Nan da nan hanyar raƙuma ta Tarabulus ta mutu, ciniki ya karkata kudu. Kaya, wasiƙa, har ma'aikatan Faransa kansu, hanyar da ta fi masu sauƙi ita ce su sauka Legas, su hau jirgi zuwa Kano, sannan su haura. Da Kawsan ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, ta Legas da Kano aka biyo da sojojin ɗauki. An ci yaƙin, amma darasin ya zauna masu a rai: fadar mulkinsu na shan iska ne ta hancin wata daula.

Ranar 13 ga Oktoba 1922 aka kawo ƙarshen mulkin soja, Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka mai gwamnan farar hula, ƙarƙashin babban gwamna da ke Dakar. Gwamnan farko shi ne Jules Brévié, wanda ya riƙe ƙasar har 1929. Shi ne ya tsaya kai da fata sai da aka yi ƙaurar.

Dalilan da suka sa aka zaɓi Yamai

Na farko, ruwa. Damagaram na zaune ne kan dutse, duk wanda ya san garin ya san manyan duwatsun da ke tsakiyar unguwanni. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa da yawa. Rijiyoyi da tafkuna na iya ɗaukar birni irin na da, amma Brévié na son ofisoshi, asibiti, lakwal, lambuna da gidajen ma'aikata. Yamai kuwa ga kogi a bakin ƙofa. Wannan shi ne dalilin da aka fi faɗa a fili.

Na biyu, hanya. Tun da yaƙin gabas ya lafa, abin da ya dami gwamna shi ne yadda zai haɗu da sauran ƙasashen Faransa ba tare da ya taka ƙasar Ingilishi ba. Daga Yamai ana iya gangarawa Gaya a shiga Dahome, wato Benin ta yau, har tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ana iya bin yamma zuwa Wagadugu, ko a bi kogi zuwa Gao. Duk cikin gida ne a wurinsu.

Na uku, tsoro. Hausawan Damagaram, Tasawa, Maradi da Ƙonni ƴan uwan na Kano, Katsina, Daura da Sakkwato ne. Aure ɗaya, kasuwa ɗaya, malamai ɗaya. Idan lanho ko aikin tilas ya yi tsanani, gari guda na iya kwashe kayansa da dare ya tsallaka iyaka. Faransawa na kallon wannan zumunci a matsayin barazana. A yamma kuwa sun riga sun ƙulla hulɗa da wasu sarakuna, musamman gidan Zarmakoy na Dosso.

Na huɗu, fili. A Damagaram gwamna baƙo ne a garin sarki, akwai fada, akwai alƙalai, akwai tsohon tsari da ya riga shi. A Yamai babu sarkin da zai yi gogayya da shi. Yana iya zana gari yadda ya ga dama, ya ba wanda ya so fili, ya tashi wanda ya so. Ƙanƙantar Yamai, wadda muke gani kamar nakasu, ita ce ta sa ta yi masu daɗi.

Idan muka haɗa dalilan nan huɗu, za mu ga babu ko ɗaya da ya tambayi inda mafi yawan ƴan ƙasa suke zaune. Ba a shawarci mutanen Damagaram ba, ba a kuma shawarci mutanen Yamai ba. Zaɓi ne na mai mulki da ke duban teku da Dakar.

Dokar da ta taɓa har iyakar ƙasa

Akwai wata matsala: kafin 1926, a wannan yanki kogin Isa shi ne iyaka tsakanin Nijar da Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau. Da an bar abin haka, gwamna zai leƙo ta taga ya hangi wata ƙasa a tsallake. Don haka dokar 28 ga Disamba 1926 ta yi aiki biyu a lokaci guda: ta maida fadar mulki Yamai, ta kuma yanko yankin Say da na Tera daga Haute-Volta ta haɗa su da Nijar. Da ba don haka ba, da Harobanda, inda jami'a take yau, ba cikin ƙasarmu take ba. Boubou Hama ma, ɗan Foneko ta yankin Tera, wannan doka ce ta maida garinsu cikin Nijar.

A 1927 aka fitar da takardun da suka fayyace sabuwar iyakar. Waɗannan takardu ne kotun duniya da ke birnin Hague ta dogara da su a hukuncin da ta yanke ranar 16 ga Afrilu 2013 kan iyakar Nijar da Burkina Faso. Daga 1932 zuwa 1947 kuma, lokacin da Faransa ta rushe Haute-Volta, an haɗa yankunan Dori da Fada N'Gourma da Nijar. A waɗannan shekaru Yamai ta ɗan matso tsakiya, kafin a maida yankunan ta koma gefe.

Yadda aka gina garin

Tsarin farko gari biyu ne a wuri ɗaya. A kan tudun da ke kallon kogi aka yi unguwar Filato: fadar gwamna, ofisoshi, gidajen Nasara, tituna masu faɗi da itatuwa. Wannan fada ita ce fadar shugaban ƙasa a yau. Ƴan ƙasa kuma aka bar su a ɗaya ɓangaren, kwarin Gunti Yena ya raba tsakani. Suka ce don kiwon lafiya ne, amma kowa ya san wariya ce.

Su wa suka yi aikin? Kakanninmu ne. A wancan zamani akwai aikin tilas: kwamanda ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa masu gari, a taso ƙarti a kawo. Su suka fasa dutse, suka buga tubali, suka ɗauki kaya a ka, suka share hanyoyin mota. Ba a soke aikin tilas ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny. Duk kayan da ba a samu a nan, irin su siminti da ƙarfe, daga teku ake kawo su. Layin dogo na Dahome ya tsaya a Parakou a 1936, daga nan sai manyan motoci, sai jirgin fito a Gaya, har zuwa 1958 da aka yi gada tsakanin Gaya da Malanville.

Masifu biyu sun sauya fuskar garin. A 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin ƙasa, aka yi yunwa mai tsanani, mutanen ƙauyuka suka kwararo Yamai neman abinci, wasu ba su koma ba. A 1935 kuma gobara ta cinye bukkokin tsofaffin unguwanni na bakin kogi. Hukuma ta yi amfani da wannan dama ta tashi mutane daga gaɓa ta maida su kan tudu, ta yanka masu filaye layi-layi, ta ce da laka za a yi gini. Shi ya sa tsakiyar Yamai take a miƙe kamar gidan dara, ba kamar lungunan Birnin Damagaram ba.

Duk da haka garin bai yi saurin girma ba. A 1945 mutanensa kimanin dubu 8 ne. Bayan yaƙin duniya na biyu ne abubuwa suka motsa: aka kafa majalisar ƙasa ta farko da jam'iyyar PPN a 1946, aka yi sabon tsarin gari a 1952, a 1956 kuma aka zaɓi Djibo Bakary magajin garin Yamai na farko. Titin da a da ake kira da sunan Charles de Gaulle, tun watan Oktoba 2024 sunan Djibo Bakary yake ɗauke da shi.

Tun farko Yamai garin baƙi ce, Hausawa kuma na cikin waɗanda suka raya ta: fatake, mahauta, maƙera, dillalai, malamai, ƴan ga-ruwa. Sunayen wurare ma sun isa shaida. Bukoki daga bukkoki ne, kasuwar Katako daga katako, ga Wadata, ga Zongo. Har gobe, da Zabarmanci da Hausa ake ciniki a kasuwannin birnin.

Daga ƴancin kai zuwa kuɗin uranium

Da aka kafa Jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, aka kuma samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, gwamnatin Diori Hamani ta gaji Yamai da mutane kimanin dubu 30. Ba a sake ɗaga fadar ba: majalisa, ofisoshi, rediyo da filin jirgin sama duk suna nan, kuɗin gina wani sabon birni kuwa babu. Sai aka shiga cike gurbi. An buɗe gidan tarihi na ƙasa a 1959. A 1965 aka fara dashen itatuwan da suka yi wa birnin ɗamara don tare iska da rairayi. A 1970 aka buɗe gadar Kennedy mai tsawon mita 710 da taimakon Amurka. Kafin nan sai da jirgin fito ake tsallakawa. Gadar ce ta buɗe gaɓar dama, inda aka kafa makarantar ilimi mai zurfi a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, ta kuma ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992.

A 1971 aka fara haƙo uranium a Arlit. Da farashinsa ya tashi a zamanin Seyni Kountché, sai manyan gine-gine suka tashi a Yamai: otel Gaweye, zauren taro na Palais des Congrès, ofisoshin ministoci da na bankuna. An gina babban masallacin Juma'a da kuɗin Libiya. An jawo wutar lantarki daga madatsar Kainji ta Najeriya. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987. Filin wasa na Seyni Kountché kuma ƙasar Sin ce ta gina shi a ƙarshen shekarun 1980.

Amma ba arziki kaɗai ya cika garin ba, har da wahala. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun koro dubban manoma da makiyaya. Unguwar Lazare da sansanin waɗanda fari ya koro ta yi suna. Daga kimanin dubu 108 a 1970, mutanen Yamai sun kusa dubu 400 a ƙidayar 1988. Ƙidayar 2012 ta ba da 1,026,848. Bayan nan an ƙara gada ta biyu a 2011 da ta uku a 2021, an yi gadojin sama, an sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani albarkacin taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019.

Abin da zaɓen 1926 ya bar mana

Na farko shi ne nisa. Daga Yamai zuwa iyakar Burkina Faso ba a kai kilomita 150 ba, amma zuwa Tawa kimanin 550 ne, Maradi kimanin 660, Damagaram kimanin 900, Diffa fiye da 1,300. A ƙidayar 2012, jihohin Damagaram, Maradi da Tawa na da mutane fiye da miliyan 10 cikin miliyan 17 na ƙasa baki ɗaya. Wato mafi yawan ƴan Nijar na zaune nesa da wurin da ake sa hannu kan takardunsu. Ɗalibi, majinyacin da aka tura babban asibiti, tsohon ma'aikacin da ke bin haƙƙinsa, ɗan kasuwa mai neman izini, kowa ya san kuɗin mota da na masauki da wannan nisa ke ci.

Na biyu shi ne karatu da aikin gwamnati. Inda fada take, nan manyan makarantu da ofisoshi suke taruwa, yaran da ke kusa kuma su ke fara shiga. Shugabannin ƙasa uku na farko, Diori Hamani, Seyni Kountché da Ali Saibou, duk daga yamma suka fito. Sai a 1993 aka zaɓi ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane. Wannan ba laifin wata ƙabila ba ne. Talakan Zarmaganda ya sha aikin tilas da yunwar 1931 kamar yadda talakan Gobir ko na Damagaram ya sha tasa wahalar. Tsari ne da mai mulkin mallaka ya shimfiɗa don amfanin kansa, ya tafi ya bar mu da shi.

Na uku shi ne ruwa, wanda aka ce shi ya kori fada. Da fadar ta tashi, neman maganin ƙishirwar Damagaram ya daina zama na gaggawa a wurin masu mulki. An jawo ruwa daga Arunguza, daga Gogo da Machaya, daga baya kuma daga Ganaram, amma garin na girma fiye da abin da famfo ke kawowa, duk bazara sai an ga layin bido. Yamai ma kogin bai zame mata tabbas ba. A 1985 ruwansa ya tsaya cak a daidai birnin, a 2012 da 2020 kuma ya yi ambaliya ya ci unguwanni. Madatsar Kandaji, da ake sa ran za ta daidaita shi, har yanzu aikinta ake yi.

Na huɗu shi ne hanyar teku. An zaɓi Yamai ne don ta dubi Kwatano, ƙasa ta ɗora mafi yawan shigo da kayanta kan wannan hanya. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016 bai haɗu da na Parakou ba. Da aka rufe iyakar Benin bayan watan Yuli 2023, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kowa ya ji a farashin kasuwa. Su kuwa Maradi, Ƙonni da Damagaram, har yau Kano, Katsina da Sakkwato ne abokan cinikinsu na kusa, kamar dai yadda Brévié ya tarar.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun gaji irin wannan matsala, da babban birni a can gefen teku. A 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, suka yanke shawarar gina Abuja a tsakiyar ƙasa, ba su tare ba sai 12 ga Disamba 1991, bayan shekara 15 ana zuba kuɗin man fetur. Nijar ba ta bi wannan hanya ba. Abin da aka gwada a nan shi ne rage wa Yamai kaya: zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, jami'o'i a Maradi, Tawa da Damagaram a 2010, matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, da bikin 18 ga Disamba mai zagaya jihohi, wanda ya kawo Maradi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017 da Zinder Sabuwa a 2018.

Yamai ta zama gidan kowa, babu dangin da ba shi da ɗa ko ƴa a can, maganar ɗauke fada kuma ba ita ce a gabanmu ba. Tambayar da cikar shekara 100 ta ajiye mana ita ce: wace takarda, wane magani, wane karatu ne har yanzu sai an je Yamai ake samu, alhali ana iya samar da shi a babban birnin kowace jiha? Wannan tambaya ce da ya dace mu riƙa yi wa hukumomi da wakilanmu a duk inda muka haɗu da su.

Muhimman shekaru a taƙaice

1899: Faransawa sun ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini.
1900: an kafa Yankin Soja na Uku.
1905: Yamai ce mazaunin kwamandan Yankin Soja na Nijar.
1911: an maida hedikwata Damagaram.
1922: Nijar ta koma hannun gwamnan farar hula, Jules Brévié.
1926: dokar 28 ga Disamba ta maida fada Yamai, ta haɗa Say da Tera da Nijar.
1946: an soke aikin tilas.
1956: Djibo Bakary ya zama magajin garin Yamai.
1960: ƴancin kai, Yamai na da mutane kimanin dubu 30.
1970: an buɗe gadar Kennedy.
2012: mutanen Yamai sun haura miliyan 1.